Kujerar da Baba Yake Barci a Kai

Akwai wani saurayi da kowa ke kira Auta. Mahaifinsa kafinta ne. Ciwon huhu ya kayar da tsohon, har aka kai shi ɗakin masu ciwo mai tsanani, aka zura masa roba a maƙogwaro, inji na yi masa numfashi.

Kullum Auta na kan bencin ƙofar ɗakin. Wata rana wani mai jinya ya matso ya raɗa masa: "Ɗan'uwa, buɗe idonka. In suka jona mutum a injin nan, ba sa son cirewa. A kansa ɗalibai ke koyon aiki."

Maganar ta zauna masa daram. Ko murmushi nas ta yi, sai ya ga da walakin.

Da Baba ya fara farfaɗowa, likita ta kira Auta da mahaifiyarsa. Ta ce, "Muna so mu cire robar, amma sai mun tabbata zai iya shi kaɗai. Ƙafafunsa na kumbura? Numfashi na barinsa ya kwanta a miƙe?"

Umma ta buɗe baki. Auta ya take mata ƙafa.

Gaskiya ita ce Baba ya daɗe da rabuwa da katifa. Da ya miƙe sai numfashi ya tsaya masa a wuya, shi ya sa ya ƙera wa kansa kujera mai jingina, a kanta yake barci. Yakan ce, "Sarki ba ya kwanciya."

Amma Auta ya ɗauka dalili likita ke nema don ta ƙara riƙe shi.

"Garau yake, likita. Ya fi ni ƙarfi."

A waje Umma ta ce, "Auta, ka ji tsoron Allah. Kujerar fa?"

"Haba Umma! Kujera ciwo ce?"

Da safe aka cire robar. Baba ya kamo hannun ɗansa, murya a dishe, ya ce, "Ka rufe min katakon nan da na bari a tsakar gida, kar ruwa ya dake shi." Auta ya yi dariya har da hawaye.

Kafin la'asar ƙirjin Baba ya fara ƙara kamar zarto a ɗanyen itace. Zuciyarsa ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Aka mayar da robar a guje. Bai sake buɗe ido ba.

Daga baya Umma ta ba likita labarin kujerar. Likita ta ce, "Kwana na Allah ne, Mama. Amma da mun ji wannan, da mun ƙara duba zuciyarsa, mun jira."

Auta na bakin ƙofa, ya ji komai.

Kujerar na nan a ɗaki. Ba mai zama, ba mai ɗagawa. Shi ke goge ta kowace safiya. Katakon ma ya rufe.

Darasi: Zato zunubi ne, wani lokaci har rai yake ci. In likita ya tambaye ka, faɗa masa komai, ko abin da ka raina, ko kujera ce. Ku tura wa duk wanda ke jinya wannan labarin yau, ku sa iyayenmu a addu'a.