Lahadin da Aka Rama wa Iya Sisiliya Ziyara

An ce wai a wani ƙauye da ake kira Gidan Barmo an yi wata tsohuwa 'yar Katolika mai suna Iya Sisiliya, wadda ta shekara talatin da takwas ba ta fashin coci ran Lahadi. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, za ka same ta a benci na biyu ta hannun hagu, da carbinta a hannu. Mutanen garin har sukan ce in ka shiga coci ba ka ga Iya ba, to koma gida, ka yi kuskuren rana.

Abin yana da dalili. Tana da ɗa guda ɗaya tilo, Istifanus. Yana ɗan wata tara ƙyanda ta kama shi har aka fid da rai, sai ta goya shi ta tafi coci, ta durƙusa gaban bagade ta yi wa Ubangiji alkawari. Yaro ya tashi, ya girma, ya zama ma'aikacin jinya a wani asibiti can birni. Ita kuwa ta riƙe alkawarinta gam, don a zuciyarta ran ɗanta a jikin alkawarin nan yake rataye.

Ana nan sai annoba ta shigo ƙasa, cutar tari da zazzaɓi mai bin numfashi. Hukuma ta hana taro, Bishof ya aiko da takarda a rufe coci har sai abin da hali ya yi. Limamin cocin, Fada Barnabas, ya sa kwaɗo a ƙofa da hannunsa. Wanda ya gan shi ran nan ya ce ya daɗe tsaye da makulli a hannu kafin ya juya.

Lahadi ta zo. Iya Sisiliya ta ɗaura zanenta na Zumuntar Mata, ta dogara sandarta, ta zo ta zauna a dokin ƙofar coci tun hantsi har rana ta take. Lahadi ta biyu mata shida suka biyo ta. Ta uku suka zama ashirin da wani abu, kafaɗa da kafaɗa, har da mai tulun kiɗa. A makon nan kuwa aka binne mutum biyu a ƙauyen da ke ƙetaren rafi.

Dattawan coci suka je wa Fada da shawara iri biyu. Waɗansu suka ce a buɗe ƙofa, ai gidan Allah ba ya kashe mai zuwa. Waɗansu suka ce a kori tsohuwar, ita ce uwar tafiya, in ta zauna kowa zai zauna. Fada Barnabas ya saurare su duka, sannan ya ce, "In na buɗe ƙofa, na kira mutanena zuwa ga cuta. In na kori Iya, na kori shekara talatin da takwas na aminci, ni da ban kai ta kwanaki a cocin nan ba. Ku bar ni in ji ta bakinta tukuna. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan."

Ran Talata da la'asar ya je gidanta, takunkumi a fuska, ya tsaya nesa kaɗan a gindin darbejiya. Bayan sun gaisa ya ce, "Iya, kin san abin da ya kawo ni."

Ta ce, "Na sani, Fada. Kai ka rufe ƙofarka, ban ce ka buɗe ba. Ni ma ka bar ni da tawa. Istifanus yana can tsakiyar masu cutar nan, shi ke juya su, shi ke ba su ruwa, wata uku ban sa shi a ido ba. Yanzu ne zan saɓa wa Ubangiji? In na yi fashi ɗaya aka aiko mini da mummunan labari, wa zan kama?"

Kewa ce ta yi mata yawa, ta ɗanta da ta bagaden da ta saba durƙusawa gabansa, har ba ta san wadda ta fi cin ranta ba.

Fada bai yi mata wa'azi ba, ya san tsohuwar da ta riga shi sanin katakisim, littafin koyarwar addini, ba ta buƙata. Sai ya ce, "Iya, faɗa mini alkawarin kamar yadda ya fito daga bakinki ran nan. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ta ce, "Yaya zan manta? Cewa na yi, Ubangiji, in ka bar mini yaron nan, muddin ina numfashi ba Lahadin da za ta wuce ba mu gaisa ba."

Fada ya ce, "Ba mu gaisa ba kika ce?"

"Haka na ce."

"To Iya, in tambaye ki. A garin nan, in kina zuwa gaida mutum shekara da shekaru, shi bai taɓa tako ƙofarki ba, me ake ce da shi?"

Ta ce, "Ai wannan bai san zumunci ba."

"Ubangijinmu kuwa ba ya cikin waɗanda ba su san zumunci ba. Shekara talatin da takwas ke ce mai tafiya, shi yana zaune. Bana ya rufe gidansa don ya fito rama ziyara. Ran Lahadi mai zuwa zan yi sujada ni kaɗai, in na gama zan ɗauko Jikin Almasihu, gurasar nan mai tsarki, in bi gari da shi ƙofa ƙofa. Ta gidanki za mu fara. In kin ga dama ki tafi ki zauna a dokin ƙofar coci. Amma ki sani baƙo zai zo ya yi sallama, a ce masa matar gidan ta fita."

Iya Sisiliya ta dafe ƙirji. "Ni? Baƙo ya zo ya tarar ba na nan? Allah ya sawwaƙe, Fada, ba a taɓa yi mini wannan shaida ba!"

Kafin magariba labari ya gama gari, kuma ka san mata da baƙo. Ba wadda ta yarda a ce an zo gidanta an same shi da shara.

Ran Lahadi aka buga tsohon wilin mota da suke rataye da shi a madadin ƙararrawa. Ƙafar Iya ta ɗauke ta da kanta har bakin zaure, sai ta tuna, ta tsaya. Ta riga ta share ƙofar gida sau biyu. Ta shimfiɗa sabuwar tabarmar da take ɓoyo, ta ɗebo ruwan randa a kwanon sha mai murfi ta ajiye a kai. Ta duba dama da hagu, ta ga kowace ƙofa da mutanenta a durƙushe, tsakanin gida da gida fili fetal. A gaban coci kuwa ba kowa sai awaki.

Jiran ya yi mata tsawo fiye da duk tafiyar da ta taɓa yi. Can sai ga Fada Barnabas tafe a ƙasa cikin fararen kaya, yana riƙe da Jikin Almasihu sama da hannu biyu. Ya tsaya taku bakwai daga tabarmarta. Kusa ne, amma ba damar ta miƙa hannu ta karɓa yadda ta saba, wannan kuwa ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta durƙusa, ta tura kwanon ruwan gaba kaɗan, ta ce, "Sannu da zuwa, Maigida. Ka sha hanya. Ga ruwa."

Hawaye suka zubo mata. Fada ya sa mata albarka, ya juya zai wuce gida na gaba, sai ta ɗaga murya, ba da Fada take ba.

"Ubangiji, tun da yanzu kai ke yawo, in ka tashi daga nan ka biya ta asibitin birni. Akwai yarona a can, dogo ne, yana da tabon ƙyanda a goshi. Ka ce uwarsa tana gaishe shi."

An ce Fada Barnabas bai iya waiwayowa ba, don takunkuminsa ya jiƙe da hawaye.

Haka aka yi ta yi har wata biyar, ba wanda ya sake taruwa a ƙofar coci. Ranar da aka cire kwaɗo, Iya ce ta fara shiga, tana dafe da kafaɗar Istifanus, ya rame amma da ƙafarsa ya dawo. Duk da haka har ta bar duniya ba ta fita coci ran Lahadi sai ta bar ruwa a kwano a bakin zaure, wai ko Baƙon nan zai zo su yi saɓani.

Shi ya sa dattawan Gidan Barmo suka ƙara wa tsohuwar magana jela, sukan ce: zumunci a ƙafa yake, amma ba a ƙafar mutum ɗaya ba.