Saƙon Ikilima Ya Ƙi Tsayawa

Akwai wata budurwa a Daura mai suna Ikilima, 'yar Malam Abdulbaƙi da ke karantar da magidanta a zaurensa kusa da Kusugu. Bayan ta gama sakandare sai ta shiga wata cibiya tana koyon rubuta manhajar kwamfuta. Allah Ya ba ta kai, sai dai ba ta da haƙurin zama a ƙarasa mata bayani.

Wata rana malaminsu, Malam Kalilu, ya fara koya musu luf, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta riƙa maimaita aiki. Bai kai ga yadda ake sa ta matsa gaba har ta tsaya ba, Ikilima ta rufe kwamfutarta.

"Malam, ai na gane tun ɗazu."

"Kin gwada?"

"Abin da yake a fili, me za a gwada?"

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kwantar da mahaifinta a asibiti. Jikin da sauƙi, har likita ya ce an kusa sallamarsa. Malam Abdulbaƙi ya ce mata ta sanar da 'yan uwa da ɗalibansa su taya shi da addu'a.

Ikilima ta ga dama ta samu. Maimakon ta kira mutane ɗaya bayan ɗaya, sai ta rubuta luf da zai bi lambobin wayarsu yana tura wa kowa saƙo: "Malam yana asibiti, a taimaka da addu'a." Ta danna, ta ga na farko ya fita, ta bar kwamfutar a kunne, ta ɗauki kwanon abinci ta nufi asibiti.

Ashe ta manta layin da ke matsar da kwamfutar zuwa lamba ta gaba. A kan lambar farko ta kafe, tana tura saƙon nan ba ƙaƙƙautawa. Lambar kuwa ta Baffa Hamma ce, yayan Malam, dattijo mai hawan jini da ke zaune a wani ƙauye gaba da Mai'adua.

Bayan la'asar hadari ya haɗu. Ikilima na tsaye a barandar asibiti wayarta ta yi ƙara. Barakatu ce, 'yar Baffa Hamma, tana kuka.

"Ikilima, ki gaya min gaskiya, Baffa Malam ya cika ne?"

"Subhanallahi! Ga shi can yana shan kunu. Wa ya ce miki haka?"

"To saƙon me kike ta turowa? Tun azahar wayar Baba ba ta huta ba. Na karanta masa na farko, na biyu ya shigo, na uku ya shigo. Ya ce wannan ba neman addu'a ba ne, ɓoye masa ake yi. Ya hau babur ya taho, kuma ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Rafin nan namu ya kawo!"

Ikilima ta katse kiran. Ta kira Baffa, wayar a kashe. Ta sake kira, a kashe.

Ta tari mai a-daidaita cikin ruwan nan ta koma gida. Tana shiga ɗaki ta tarar da allon kwamfutar yana gudu, layi na bin layi: an tura, an tura, an tura. Kanta ya ɗaure, ta rasa inda za ta taɓa. Ta kira Malam Kalilu.

"Malam, ta ƙi tsayawa! Zan kashe baffana!"

"Nutsu, Ikilima. Ba wani dogon abu. Danne maɓallin kashewa, kar ki saki sai ta mutu."

Ta danne. Allon ya yi baƙi. Amma Baffa yana kan hanya, kuma babu maɓallin da zai mayar da shi gida.

Ta koma asibiti ta tsaya a bakin ƙofa. Duk babur ɗin da ya ɓullo sai ta leƙa ko shi ne. Motar ɗaukar marasa lafiya ta shigo, ta bi ta da gudu tana leƙawa, ashe wata mai naƙuda ce. Ba ta iya gaya wa mahaifinta ba. Bakinta ba abin da yake fita sai "Ya Allah, Ka kawo shi da rai."

Gab da magariba wata motar 'yan kasuwa ta tsaya, aka sauko da Baffa Hamma. Tufafinsa duk laka, hannunsa na dama ɗaure da rawaninsa. Ruwa ne ya kayar da shi a rafi, wasu makiyaya suka janyo shi. Babur da waya sun tafi.

Ya ƙi yarda a duba shi sai ya ga ƙanensa. Da ya tarar da Malam zaune yana jan carbi, sai dattijon nan ya fashe da kuka.

Ikilima ta durƙusa ta faɗi abin da ya faru, ba ta rage komai ba.

Baffa ya dube ta ya ce, "Ranar da innarmu za ta rasu, haka aka yi ta aiko min ina gona. Na ce bari in ƙarasa kunyar nan. Ko da na iso an rufe ta. Shi ya sa yau ban tsaya ba. Tashi, 'yata, na yafe miki."

Hannun ya karye. Baffa bai ƙarasa noman shekarar ba, kuma har yau hannun bai miƙe daidai ba. Ikilima ta koma aji, ta roƙi Malam Kalilu ya ɗauko mata darasin tun daga farko.

Darasi: Rabin sani ya fi jahilci haɗari, don shi ke ba mutum ƙarfin halin taɓa abin da bai iya ba. Ka yi haƙuri ka ji karatu har ƙarshe, ka gwada aikinka kafin ya shafi rayuwar wani. Ku tura wa ɗalibai da masu koyon sana'a, wataƙila wani ya tsira.