Awa Gudan Sammani

Akwai wani manomin rani a wani ƙauye kusa da Kadawa, sunansa Sammani. A shekarar 2005 tumatir ya yi masa albarka, ya sayi sabon babur. Tun daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya gaya maka gudun da ya yi jiya.

Wanda ya fi shan tsiyarsa shi ne maƙwabcinsa na gona, Iliyasu, mai tsohon keke. Shi kuwa sai dai ya yi murmushi.

Wata ranar kasuwar Bunkure aka sako musu ruwa a kanal. Ka'idarsu kuwa, layi ake bi, in aka zo kanka ba ka nan sai a wuce, sai wani makon. Ga shi Sammani ya yi sabon dashe, wanda ba zai kai mako babu ruwa ba. Saura awa guda layi ya iso kansa, sai ya ɗaura kwanduna biyu na tumatir a babur.

Iliyasu ya ce, "Malam Sammani, da ka bari ka sha ruwanka tukuna."

Ya ce, "Haba Malam Iliyasu, lissafin masu keke daban. Kilomita ashirin ne. Da kaya zan tafi a kan gudun ashirin, kada tumatir ya fashe. Dawowa in taka sittin. Tsakiyarsu arba'in ke nan. Zuwa da dawowa arba'in, awa guda cif."

Ya kama hanya a hankali, har da 'yar waƙarsa. Da ya shiga Bunkure ya dubi agogo. Awa gudan ta ƙare, ko kwando bai sauke ba.

A nan lissafin ya warware masa. Kilomita ashirin a kan gudun ashirin ai awa guda ce da kanta. Dawowar, duk cika bakin da ake yi da ita, minti ashirin kawai za ta samu. Ya raba wa zuwa da dawowa lokaci daidai, alhali tafiyar sannun ita ta cinye lokacin. In aka haɗa, kilomita arba'in ne cikin awa ɗaya da minti ashirin, wato talatin a awa. Yanzu kuwa ko tashi sama zai yi, ya makara.

Ya danƙa wa dillali kayan, ya juyo yana zufa, dashen nan kawai yake gani a ransa ya bushe.

Da ya iso gona sai ya tarar fangulan dashensa duk sun sha ruwa sun ƙoshi. Ga Iliyasu a ciki, wando a naɗe, taɓo har gwiwa, yana toshe na ƙarshe.

Kunya ta rufe Sammani. Ya ce, "Malam Iliyasu, ka yafe mini. Sauri ya haifi nawa."

Iliyasu ya miƙa masa fartanya yana dariya. "Ba komai. Layi ya zo kaina yanzu. Cire takalmin nan ka shigo."

Darasi: In tafiya ta zo da gudu iri-iri, haɗa nisan duka ka raba da lokacin duka, kada ka ɗauki tsakiya. Kuma kada ka raina maƙwabci don abin hawansa, shi za ka tarar a gonarka ranar da lissafinka ya ƙi ci. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sabon babur.