Ƙunshin da Tasalla Ta Yi wa Ƙasa

Dalilin da ya sa ƙasa take zabura wani lokaci har tukunya ta faɗo daga kan murhu, kuma duwatsu suke ƙara tsawo ba tare da kowa ya kama su suna yi ba, ku matso ku ji. Gwaggonku Barira, wadda ta yi karatun duwatsu har ake ce mata Dakta, tana can gindin dutse da 'yar gudumarta da na'urorinta tana auna tsagar ƙasa. Ita da nata bayanin, ni da nawa, kuma nawa ya fi daɗi. Sagiru, ɗauke ƙafarka daga kan zanena.

A can da, ƙasa ba ta zama wuri ɗaya. Gunduwa-gunduwa take, kowace da ƙafafunta a ƙarƙashi, ga rawar kai kamar 'yan awaki. Dutse kuwa babu ko ɗaya, ko'ina a shimfiɗe yake. Mutum zai shuka gero a bayan gidansa, ya shiga shan ruwa, ya fito ya tarar gonar ta tafi yawo, an bar masa kududdufin wasu mutane har da kwaɗinsu. Masu zuwa kasuwa sai dai su tsaya bakin hanya, idan kasuwar ta zo wucewa su yi tsalle su faɗa.

To, a cikin gunduwoyin nan akwai wasu biyu, ya da ƙanwa, Jar Ƙasa da Baƙar Ƙasa. A kan Jar Ƙasa wata mai ƙunshi take zaune, sunanta Tasalla, da jaririnta Nomau. Rijiyar da take ɗibar ruwa kuma tana kan Baƙar Ƙasa. Wata rana da hantsi Nomau ya yi barci, sai ta ɗauki ƙwaryar garin lalle ta tsallaka rijiya don ta kwaɓa. Ko guga ba ta gama jawowa ba sai ta ji Jar Ƙasa ta ce wa ƙanwarta, “Kamo ni in kin isa!” Ta kwasa a guje. Tasalla na tsaye tana kallon rufin ɗakinta yana ƙanƙancewa, ga kukan Nomau yana nisa, yana nisa.

Wayyo! Ta durƙusa tana bugun ƙasa da tafin hannu. “Don Allah ki bi ta! Ɗana yana can, ko nono bai sha ba!”

Baƙar Ƙasa ta yi dariya har ruwan rijiya ya fantsalo. “Ni na gaji da tsere. Za ta dawo.”

“Yaushe?”

“Wataƙila da kaka. Wataƙila sai yaron ya yi gemu. Ke, tsaya! Me ya sa hannunki ya yi ja haka?”

Tasalla ta dubi hannunta, ta dubi ƙwaryar, hawayenta ya tsaya cak. Ta ce, “Lalle ne. Sana'ata ke nan.”

Ashe Baƙar Ƙasa ta daɗe tana jin haushin jan yayarta. Ta ce, “Ni ma zai kama ni?”

“Ke? Ai sai kin fi yayarki ja.”

Nan take Tasalla ta kwaɓa lalle, ta cika kumatu ta rangaɗa guɗa. “Ayyururui! Jama'a ku zo kallo! Yau Baƙar Ƙasa za ta fi Jar Ƙasa ja!”

Jar Ƙasa tana can nesa ta jiyo. Ta ce, “Wa? Wa zai fi wa?” Ta juyo a sukwane, kajin Tasalla na fiffika a kanta, turmi na mirgina. Ga shi ba ta taɓa koyon tsayawa ba. Sai ji kake ƙuuum! Ta gabza wa ƙanwarta karo. Wurin da suka haɗu ya tattare ya yi sama, kamar yadda tabarma take yi idan Ummita ta tokare ta da ƙafa. Dutse na farko a duniya ke nan.

Tasalla ta tashi tana karkaɗe zane. A bayan dutsen tana jiyo kukan Nomau, kusa-kusa. Ta so ta ruga wurinsa, amma ta san kafin ta kai rabin hawa shashashan nan za su sake kwasa. Sai ta daure. Ta bi bakin da suka haɗu ta lafta lalle, rabi nan rabi can, ta rufe da ganye.

Ta ce, “To, kun san dokar ƙunshi. Wadda ta motsa, nata ba zai kama ba. Ku zauna sai na dawo na kwance.”

Suka ce, “Ba motsi ko kaɗan? Ai sai mu mutu!”

Ta miƙa musu yatsa. “Kun ga jan farcen nan? Yadda yake matsawa gaba idan farce yana tsiro, haka za ku riƙa tafiya. Wadda ta wuce shi ta ɓata nata.”

Su da ba su taɓa mallakar farce ba, sai suka zaci abin gudu yake yi. Suka amince da murna. Sauran gunduwoyin ƙasa da suka ji labari, kowace ta nemi wuri ta lafe tana jiran a zo kanta.

Tasalla ta haye dutsen nan da hannu da gwiwa, ta gangara ɗaya gefen, ta sure Nomau. Ya kama nono yana ajiyar zuciya, ita kuma tana kuka tana dariya, duk a lokaci ɗaya. Ta koma ta kwance ƙunshin? Ina! Mahaukaciya ce ita?

Shi ya sa har yau ƙasa take tafiyar farce, kuma ko Gwaggonku Barira da na'urorinta ta ce kusan hakan ne. Ya da ƙanwa suna nan suna tunkuɗar juna a ɓoye, kowace na leƙen ko na 'yar'uwarta ya fi kamawa, dutse kuma yana ta tashi a tsakaninsu. Idan zama ya yi zama, ƙafa ta yi tsami, ɗaya sai ta kasa daurewa ta zabura ta gyara kwanciya, mu kuma mu ce an yi girgizar ƙasa.

Ni kullum Barira za ta fita da gudumarta sai na ja mata kunne, yanzu ku ma zan ja muku. Ku auna abin da za ku auna, ku haƙa abin da za ku haƙa, amma kada wanda ya kuskura ya gaya wa ƙasa cewa lallen ya kama tun tuni.