Sa hannun Yaya Barau

Na rasa miji, na rasa ɗa, na sami gida mai ɗaki uku da injin markaɗe. Ni ce Tasalla mai manja ta kasuwar bariki, wadda ba a taɓa yi wa wayo a ciniki ba. 'Yata Rakiya ke rubuta mini, ni iyakata dangwala yatsa.

Maigidana Saje Haladu ya rasu a fagen daga. Akwai kuɗin inshora da gwamnati ke biyan iyalin sojan da ya mutu a bakin aiki, amma sai da mutum uku suka taimaka kafin su fito.

Kofur Yohanna abokin Haladu ne. Shi ya saɓo gawar a kafaɗa, yini guda yana tafiya da harsashi a cinya. Da ya bar ta a daji, da an rubuta Haladu ya ɓace, kuma ba a biyan matar wanda ya ɓace sai an shekara da shekaru.

Ƙanena Sallau ya sayar da bijiman nomansa. Da kuɗin muka yi zuwa bakwai ofis-ofis, shi ke karanta takardu, shi ke bin layi. Bana da fartanya ya yi noma.

Yaya Barau wan mijina ne. Shi ya kai Haladu ɗaukar soja yana saurayi, sunansa aka sa a gurbin magaji. Shekara goma sha shida muna tare, Haladu bai tuna ya canja ba, ni ma ban san da takardar ba. In Barau bai sa hannu ba, ko sisi ba ta fita. Da ya so, da ya karɓe duka.

Dukansu ba wanda ya nemi kuɗi. Riƙon Nafi'u suka nema, ɗana namiji tilo. Yohanna ya ce ya yi wa mamacin alkawarin sa shi makarantar soja. Sallau ya ce bai haihu ba. Barau ya ce jininsu ne.

Na zauna da Barau kamar ina sayen jarkar manja. Na ce, "Yaya, ɗauki rabi."

Ya ce, "Amaryarmu, ba manja na zo saye ba."

Na ce kashi biyu cikin uku. Ya tura mini takardar, ya rufe bironsa. Ga wa'adin tashi daga bariki saura sati biyu, ga 'ya'ya mata huɗu.

Wannan ne cinikin da na sallama: ya sa hannu, kuɗi duka namu, Nafi'u nasa, yana zuwa mini duk babbar salla kwana uku. Kwana bakwai na nema.

Yanzu a gidan da na saya da kuɗin, ɗaki na uku, na Nafi'u, a rufe yake. Ni dai na ba wanda ke riƙe da biro ɗana. To ku da ba a kora daga bariki ba, ku faɗa mini: cikin ukun nan, wa ya kamata ya tafi da yaron?