Inabin Tudu da Inabin Kwari

An ce wai a ƙasar Faransa, a yankin Burgundi, an yi wani manomin inabi mai suna Gaspar. Gonarsa tana gangaren tudu, farar ƙasa ce mai tsakuwa, inda baƙin inabin da suke kira Pino yake fitowa ƙanana masu zaƙi. Mutanen can giya suke yi da shi, kuma a wurinsu sunan gona ya fi sunan uba daraja. Gaspar kuwa in ya fara yabon tudunsa, sai dai ka gaji ka tashi.

A kwarin da ke ƙasa akwai wata mata, Odil, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara da fili mai laka. Wata shekara da sanyi, Gaspar ya sassabe rassan inabinsa ya zubar bakin hanya don a ƙone, ita kuwa ta tsinci dami guda ta dasa. Ta sha wahalarsu shekara da shekaru. Da suka fara 'ya'ya sosai, sai ga sammaci, Gaspar ya kai ta ƙara.

Gaspar ya ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, irin kakana ne. Inabinta nawa ne, babu wani bambanci. A tumɓuke shi."

Odil ta ce, "Ranka ya daɗe, ban musa ba, na ɗauka. Amma in aka tumɓuke, da me zan ci da yaran nan?"

Alƙali ya ji tausayinta, amma tausayi ba hujja ba ne. Can ya sa aka tsinko nonon inabi daga kowace gona, aka ɗaure wa Gaspar ido da ƙyalle. Alƙali ya ce masa, "Ana cewa ba wanda ya kai ka sanin inabi a yankin nan. Ni dai ban yarda ba tukuna."

Nan fa aka taɓo wa Gaspar inda yake masa ƙaiƙayi. Ya tauna na farko, ya tofar. "Wannan ai ruwa ne tsantsa! Na laka ne. Tuduna bai taɓa haifar irin wannan ba." Ya tauna na biyu, fuskarsa ta washe. "Yawwa, ga nawa. Har tsakuwar nake ji a harshena."

Alƙali ya ce, "Ka tabbata na farkon ba naka ba ne?"

"Ko kusa!"

"To, ka yanke wa kanka hukunci. Da bakinka ka ce naka ne, da harshenka ka ce ba naka ba, kuma harshen ne ya ɗanɗana. Abin da ta ɗauka ƙirare ne. Abin da ya fito, ƙasarta da guminta suka yi shi." Ya juya ga Odil. "Baiwar Allah, in sanyi ya zo kika sassabe, ki kai masa daminsa guda, ya ƙone abinsa."

Odil ta fashe da kuka don murna. Gaspar ya kwance ƙyallen, ya rasa inda zai sa idonsa.

Wanda ya yar da reshe ba shi da iko da abin da ya zama a hannun wanda ya raine shi.