Wasiyyar Gwaggo Ɓauna ga Ungulu

Dalilin da ya sa ungulu take yawo da kai ƙwal, tana cin abin da kowa ke toshe wa hanci, ba ƙazanta ba ce, yara. Ku daina yamutsa fuska ku saurara.

A da can Ungulu mafarauciya ce, ko shaho kauce mata yake yi. Ga gashi a kanta baƙi wul, wanda take ɓata rabin safiya tana gyarawa. Naman da ya kwana kuwa ko kallonsa ba ta yi, saboda Allah ya zuba mata ƙyanƙyami. Duk dajin babu wanda take ji wa magana sai wata tsohuwa, Gwaggo Ɓauna, wadda ta taɓa tsare ta daga bakin dila ranar da ta faɗo daga sheƙa tana ƙarama.

Wata shekara rani ya yi tsanani, ruwa ya ƙafe ko'ina sai tafki ɗaya. Gwaggo ta gangara sha tare da jikanta, wani ɗan maraƙi maraya, sai ƙafafunta suka kafe a taɓo. Ta yi ta yunƙuri, ta kasa fita. Giwaye sun yi ƙaura zuwa wani kogi mai nisa, babu mai jawo ta.

Ta kora maraƙin can bayan tudu, sannan ta kira Ungulu.

"'Yar nan, ni dai tawa ta ƙare," in ji ta. "Ba mutuwar ce ta dame ni ba. In na ruɓe a nan, ruwan nan ya lalace, yaron nan kuwa ba shi da ƙafar zuwa kogi."

"Bari in kira kura, Gwaggo."

"Kura? Ai da maraƙin za ta fara. Ke za ki yi."

Ungulu ta ja da baya. "Ni? Namanki? Haba Gwaggo, Allah ya sauwaƙe! Kin fa san ko na jiya ba na ci."

"Na sani, uwar ƙyanƙyami. Ba don daɗi na ce ki ci ba. Abu ɗaya nake roƙo, ban da gaggawa. Ki bari rai ya fita tukuna, kin san ni da jin cakulkuli."

Ungulu ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Tana son tsohuwar nan kamar ranta.

Ba ta iya zama kusa tana kallo ba, ba ta kuma iya tafiya ba. Sai ta tashi sama ta dinga kewayawa, kwana biyu cur. A rana ta uku kunnuwan Gwaggo suka daina korar ƙuda. Ungulu ta ƙara jira, don ta tabbatar. Kafin ta sauko, zafi ya riga ya fara aikinsa, wari ya tashi.

Ta kirawo danginta, ta runtse ido, ita ce ta fara cusa kai. Ba su ɗaga ba sai da ya rage ƙashi fari tas, suka janye shi tudu.

Gashin nan nata ya cakuɗe da jini da kitse. Ga ruwa a gabanta, amma in ta wanke a ciki, aikin ya tashi a banza. Sai ta je ta dirza kanta a rairayi mai zafi, ta dirza, ta dirza, har gashin ya zube duka. Bai sake fitowa ba. Farauta ma daga ranar ta fita ranta, in ta ga abu yana numfashi sai ta kasa kai masa baki.

Da maraƙin ya dawo, ya tarar da wata tsuntsuwa mai sanƙo a bakin tafki, bai gane ta ba.

"Kai, wannan wari fa! Baiwar Allah, matsa can. Ba ki ga kakata ba?"

"Ta yi gaba," in ji Ungulu. "Sha ruwanka."

Ya sha ya ƙoshi, ya kai damina, ya girma har ya ga jikoki. Ungulu ba ta taɓa gaya masa ba.

Shi ya sa har yau in kun hango ta tana ta kewayawa a sama ta ƙi sauka, ba wai ba ta jin yunwa ba ne. Jira take mai rai ya gama da ransa a tsanake. To, gobe in kun gan ta a bayan mahauta, wanda ya ɗauki dutse ya ajiye.